Faransancin Inna

Shekarar da na fara koyar da Faransanci a Ikara, ajina na ranar Asabar bai cika rabin ɗaki ba. A makarantar 'yan mata nake aiki, kuma shugabar makarantar ta ara mini ɗaki ɗaya a ƙarshen mako domin masu son ƙarin karatu. Yawancinsu masu shirin jarrabawa ne. Sauran kwanakin mako a waya muke haɗuwa. Na buɗe mana guruf, kullum da safe in tura saƙon murya mai 'yan jimloli, su maimaita su turo mini, in gyara musu.

Ina son hanyoyin nan biyu, kowacce da abin da take nuna mini. A aji ina ganin baki, ina ganin inda harshe yake cijewa, ina gane wadda ta fito gida ba ta karya ba. A waya kuma, waɗanda ba sa iya ɗaga ido a gabana su ne suka fi kowa surutu. Akwai yarinyar da ban taɓa jin muryarta a aji ba, amma a guruf har waƙa take rera mana. A lokacin ina ganin idan na haɗa biyun babu abin da zai ɓuya mini game da ɗaliba.

Wata Asabar, daf da faɗuwar damina, wata mata ta yi sallama a bakin ƙofa. Za ta yi sa'ar mahaifiyata, da tiren ƙuli-ƙuli a kanta an lulluɓe shi da leda. 'Yan matan suka ce, "Inna, sai an tashi za mu saya."

Ta ce, "Ba talla na kawo ba. Ke ce malamar da ke jin yaren mutanen Abijan?"

Na ce ni ce. Ta sauke tiren ta zauna a bencin baya, ta saurare mu har muka gama. Bayan yaran sun watse muka zauna a inuwar darbejiya, muka gaisa sosai, na tambayi mutanen gida ta tambayi nawa. Daga ƙauyen Furana take, takan shigo Ikara da ƙuli da man gyaɗa. Sai da gaisuwa ta ƙare ƙaf sannan ta ce, tana kallon ƙasa, "Akwai wata yarinya."

Labarin ya fito a gutsure. Mijinta na farko mutumin Makarfi ne, bafataken goro. Da auren ya mutu ya karɓi yarinyar, lokacin ta fara haɗa magana ke nan, ya tafi da ita Abijan. Can ya auri wata 'yar ƙasar, bai daɗe ba ya rasu, yarinyar ta tashi a hannun matar da danginta. Hausa ta zube daga bakinta tun tana ƙarama. Shekara da shekaru babu labari, sai bara ƙanin marigayin, wanda har yanzu yake bin hanyar fatauci, ya zo Furana da lambar waya da hoto. Yarinyar ta yi aure, ta haihu, tana neman uwarta. Ba ta jin komai sai Faransanci da yaren waɗanda suka raine ta.

Na ce, "Ai shi baffan nata zai iya yi muku tafinta."

Ta girgiza kai. "Maganar da ke cikina ba ta bi ta bakin namiji ba ce, Malama. Ni nake so in faɗa da kaina."

Na ce, "Ita ce ta fari?"

Ta shiga gyara ledar tirenta, wadda ba ta buƙatar gyara. Ban sake tambaya ba, domin ni ma 'yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna masa so a gaban mutane, ba ta tambayar labarinsa kai tsaye. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini waccan." Ranar da na gama karatu a Zariya gwaggona ce ta rungume ni tana kuka, ita kuwa tana madafi, ba ta ko leƙo ba. Da aka kawo mini abinci na tarar da naman tukunyar kusan duk a kwanona yake. Ban taɓa shakkar ta ba, domin a cikin wannan shirun na girma, na san yadda ake karanta shi.

Inna ba ta yi boko ba, don haka komai da kunne muka yi. Ta sayar da ɗan akuya ta sayi waya ta hannu mai tsagaggen gilashi, na sa ta a guruf, na nuna mata inda za ta danna ta riƙe idan za ta yi magana. A gidansu sabis ba ya samuwa sai a bayan rumbu, kan wani ɗan tudu. Caji kuwa sai ta shigo Ikara ta ba masu shago.

Da ruwa ya kankama hanyar Furana ta lalace, 'yan acaɓa suka fara ƙin zuwa, Inna ta riƙa rasa Asabar bayan Asabar. Waya ta zama ita ce ajinta. Da safe ina shan koko sai in ji saƙonta ya shigo, da carar zakara a bayansa, da sautin daka daga maƙwabta, wani lokaci da yayyafi a kan kwanon rufi. Ba ta taɓa fara Faransanci ba sai ta gaishe ni da Hausa tukuna: ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mutanen gida, yaya ƙoƙari da mu. 'Yan matan guruf suka fara tsokanarta.

Wata ta turo, "Inna, gaisuwarki ta cinye mana data wallahi."

Inna ta mayar mata, "Ja'ira, toshe kunnenki, ba da ke nake ba. Da malamata nake."

Ba ta damu da sunayen kwanaki ko ƙidaya ba. Ita ke zaɓen abin da take son koya, ta turo mini a keɓe, ba a guruf ba. Yaya ake cewa kin ci abinci. Yaya ake cewa yaya jaririn. Daga baya ta tambayi yadda ake cewa ban yar da ke ba, da yadda ake cewa karɓe ki aka yi daga hannuna. Na riƙa faɗa mata a hankali, ita kuma tana maimaitawa a bayan rumbu har su zauna. Kunnenta mai kyau ne, irin na wadda ta yi haddar allo tun tana yarinya. Wata safiya ta turo saƙo gajere, kalma biyu kawai, "ma fille", wato 'yata. Ta faɗe shi sarai, muryarta ba ta ko girgiza ba. Na ajiye kofin kokona na saurara na sake saurara.

Ranar da hanya ta ɗan bushe ta samu zuwa aji, sai na ce mu gwada fuska da fuska. Na zaunar da wata yarinya mai rawar kai a gabanta, na ce ta zama ita ce ta Abijan.

Yarinyar ta karkace ɗankwali ta ce, "Inna, ga ni na zo daga Abijan, ce mini wani abu."

"Tashi ki ba ni wuri. 'Yar Abijan da wannan kaushin a ƙafa?"

Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi. Inna ta yi gaisuwar daidai, ta tambayi jariri daidai. Da muka iso kan kalmomin nan biyu sai ta kai bakin mayafi ta rufe baki, ta kau da kai wajen taga. Na ce ta sake, ta ce maƙogwaronta ne ya bushe. Na lura da abin, na kuma san daga inda ya fito, amma a waya ta riga ta faɗa sau da yawa, sai na sa rai ranar da ta ga 'yar da idonta zai fito.

A wannan lokacin ni da 'yar muna rubuta wa juna saƙo. Mace ce mai saurin sabo, mai yawan tambaya. Ina kama da ita? Tana da tsawo? Tana maganata? Da wane suna take kirana? Ta gaya mini matar da ta raine ta ba ta cuce ta ba, amma tun tana ƙarama abin da ake faɗa mata shi ne uwarta ta miƙa ta ba ta ko waiwaya ba. Na ce mata ba haka ba ne. Na ba ta shawara mu fara da saƙon murya, domin a nan Inna ta fi sakewa. Ta ƙi. Ta rubuto cewa murya kowa zai iya aro, ita fuskar take son gani a daidai lokacin da uwarta za ta gan ta. Na yi mata bayanin cewa iyayenmu mata ba sa nuna wa ɗan fari abin da ke ransu. Ta turo mini hoton fuska mai dariya, ta ce duk uwa uwa ce, za ki gani, kuka za mu yi mu duka.

Na so a yi kiran bidiyon a ajina, mu biyu da Inna, ƙofa a rufe. Inna ta yarda, amma yayanta, wanda shi ne babba a gidan da take zaune, ya ce sam. 'Yar gida ta ɓata ta dawo, a gida ake tarbarta, ba a makarantar boko ba kamar marar dangi. Ba mai musa masa, kuma ni ma a raina na ga kyan maganarsa.

Aka sa ranar wata Juma'a bayan la'asar, lokacin an fara karyar masara. Na hau acaɓa na tafi. Gonaki sun rufe hanya hagu da dama, dawa ta fi mutum tsawo, sama ta yi wankakken shuɗi. Ina tafe ina ta shirya yadda abin zai kasance a raina, har da inda zan kau da kai in ba su wuri.

Na tarar da gidan cike. An yanka kaji, an yi dambu, kamar dai baƙuwar da ƙafarta za ta shigo. Da yake sabis a bayan rumbu yake, can aka shimfiɗa tabarmi, mata da tsofaffi da yara suka kewaye ɗan tudun, maza suka tsaya daga baya. Inna ta sa sabuwar atamfa, ta yi lalle hannu da ƙafa. Ta zauna can gefen tabarma, kamar wadda ta zo taya wata murna.

Na hau tudun na kira. Fuska ta bayyana a gilashin. Goshin Inna ne, da wushiryarta, a jikin wata matashiya mai jariri a kafaɗa. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ƙanwar Inna ta fizge wayar daga hannuna tana kuka tana cewa, "'Yata, 'yata, ashe za mu gan ki," domin a irin wannan rana aikinta ke nan, ita ce ke yin kukan da uwa ba za ta yi ba. Ta cikin wayar na ji 'yar ta ce, "Mama?" Na karɓa na ce mata a'a, wannan ƙanwar mamanki ce, ga mamanki nan. Na durƙusa na juya gilashin wajen Inna.

Inna ta kalla sau ɗaya, kallon da bai kai ƙiftawar ido ba. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bangon rumbu.

Matan suka yi dariyar jin daɗi. Wata ta ce, "Oho, an ga 'yar fari, kunya ta motsa." Tsohuwar da ta yi guɗa ta ce, "Haka ake yi. 'Yar mutunci ke nan, ba irin na yanzu ba masu lashe 'ya'ya a gaban jama'a."

Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Inna, abin da muka koya. Ko kalma ɗaya."

Ba ta juyo ba. Ta ce wa ƙanwarta, da murya ƙasa ƙasa, "Ku tambaye ta ko suna lafiya."

'Yar ta riga ta ɗaga jaririn da hannu biyu tana nuna shi ga gilashi. Ta ce mini, "Me ta ce? Me ya sa ba ta kallona?" Na fassara mata, na shiga bayani da sauri, cewa wannan girmamawa ce, cewa lallen nan dominta aka yi, cewa watanni matar nan ta yi tana koyon yarenta. Ina cikin magana hoton ya daskare. Na ɗaga wayar sama, na taka nan na taka can a kan tudun, ina ta magana ban san me ke isa gare ta ba. Da hoton ya dawo ta sauke jaririn. Ba kuka take yi ba. Ta ce, "Na gani. Na gode, Malama." Ta kashe.

Aka zuba abinci aka ci. A wajen mutanen gidan komai ya tafi daidai. Yayan Inna ya ce alhamdulillahi, an ga juna, saura ta zo da ƙafarta. Aka yi ta maganar kamannin, wasu na cewa hancin na uban ne. Daga inda nake zaune ina ganin hannun Inna, ta damƙe bakin tabarma har kabar ta shata mata layi a kan lallen.

Ta raka ni zuwa inda ɗan acaɓa yake jira. Muna tafe tsakanin masara, babu kowa, sai na ji tana magana ƙasa ƙasa. Faransanci ne. Kin ci abinci, yaya jaririn, ban yar da ke ba, ɗaya bayan ɗaya, babu kuskure ko ɗaya. Da ta gama ta ce, "Ina ta faɗa a ciki, Malama. Bakin ne ya ƙi, ga mutane."

Washegari na rubuta wa 'yar dogon saƙo. Na ba ta labarin mahaifiyata da madafi da kwanon nama, na ce da a ce Inna ta rungumi wayar a gaban dangi da an yi shekara ana zancenta. Alama ta nuna ta karanta. Ba ta amsa ba.

Bayan 'yan kwanaki saƙon Inna ya shigo mini a keɓe da hantsi. Wannan karon babu gaisuwa. Ta fara da kalmomin nan biyu, ta bi da duk Faransancin da ta mallaka, da ya ƙare mata ta ci gaba da Hausa. Ta faɗi ranar da aka tafi da yarinyar, da kalar rigar da ke jikinta, da yadda ta bi motar har bakin gari sannan ta dawo ta ɗora tukunya don kada a ce ta yi rashin kunya. Ta ce kowace damina idan ta ga 'yan mata sun dawo daga gona takan zaɓi ɗaya ta ce yanzu ta kai wannan. Ta daɗe tana magana. A bayanta ana jin awaki da iska a cikin karan dawa.

Na kira ta na ce, "Inna, in tura mata?"

Ta ce, "Wayarki ce, Malama. Ni aikin makaranta na turo miki."

Na tura, na bi shi da fassarar abin da ta faɗa da Hausa, na roƙe ta ko minti ɗaya ta saurara. Alama ta nuna ya isa wayarta, amma ba ta nuna an saurara ba. Kullum da safe kafin in tura wa yara darasi sai na duba. Wata safiya na ga hotonta ya ɓace daga saman shafin, na rubuta gaisuwa ta ƙi shiga. Ta toshe lambata. Na nemi baffan nata, ya ce sun yi magana, ta ce a ƙyale ta, tana da miji da ɗa, abin da ta so gani ta gani. Ya ce mu ba ta lokaci, ƙila ta huce.

Na yi niyyar gaya wa Inna ta waya. A waya zan iya cewa matsalar sabis ce, ko in ce mutanen can suna da hidima da yawa, muryata ba za ta tona ni ba. Ina ta jinkiri har Asabar ta zo, sai ga ta a bakin ƙofa da tirenta, tun kafin yara su iso. Muka gaisa kamar kullum, ba ta tsallake komai ba, har ta tambayi jikin mahaifiyata. Sannan ta ce, tana kallon allo, "Mutanen nesa, ana jin ɗuriyarsu kuwa?"

Ta juyo ta dube ni, na san ta riga ta ga amsar a fuskata. Na gaya mata yadda yake: ya isa, ba a buɗe ba, yanzu kuma an rufe hanyar.

Ta ce, "To."

Ta zauna a bencinta na baya. Darasin ranar a kan yanayi ne, ana ruwa, ana rana, akwai iska. Ta maimaita tare da yaran da ƙarfi, har ta fi su. Yarinyar nan mai rawar kai ta waiwaya ta ce, "Inna, yaya 'yar Abijan, yaushe za a kawo mana tsaraba?" Inna ta ce, "Ke dai ci ne a gabanki," aka yi dariya.

Da aka tashi ta jira kowa ya fita, ta kwance wayar daga bakin zane ta miƙo mini.

"Cire ni daga taron nan naku. Yaran nan ba sa gajiya da turo abu, duk sanda ta yi ƙara sai in bar abin da nake yi in nufi bayan rumbu."

Na cire ta. Na ce ajin Asabar yana nan, ko babu waya. Ta ce kaka ta zo, ga gyaɗa na jiran cira, sai dai in Allah ya sa an samu sarari. Na taimaka mata ta ɗora tiren. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Malama, in ta buɗe wata rana, zai nuna miki?"

Na ce zai nuna, ko da yake ban tabbata ba.

Ta ce, "To kada ki goge."

Ba ta sake zuwa aji ba. Nakan gan ta a kasuwa jefi jefi, mu gaisa da Hausa, ta ƙulla mini ƙuli a leda ta ƙi karɓar komai. Ba ta tambaya, ni ma ba na cewa komai. Saƙon yana nan a wayata, alamar da ke gefensa ba ta canza ba.